Inda Numfashi Ya Yanke, Sai A Yi Hagu

Sallama gare ku masu bina a wannan shafi, har da masu karantawa a ɓoye a wurin aiki suna yi wa oga fuskar mutanen kirki. Baiwar Allahn da ta rubuto mini wancan makon tana cewa, "Kausar, ki ji tsoron Allah ki amsa wa yaron nan, maza sun yi wuya," na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Gyara zama, na yau naki ne.

Ga wanda yau ya fara leƙowa: sunana Kausar, gidanmu yana Zawaciki, ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani kamfanin lemo a Sharaɗa. Laifina ɗaya a dangi, ina gudu. Ba wanda ya koro ni, haka kawai nake ɗaura takalmi da sassafe in kama titi. Muna da kulob ɗinmu na ma'aikatan kamfanonin Challawa da Sharaɗa da Bompai, maza da mata, masu aikin safe da masu aikin dare. Umma tana kiranmu "ƙungiyar marasa aikin yi", duk da kowannenmu daga wurin aiki yake fitowa.

Sai kuma Abdulwahid, mai nemana. Manaja ne a kamfanin robobin mahaifinsa a Bompai. Ba zan yi masa sharri ba: yana da salla, yana da kunya, ba ya ɗaga murya, kuma in ya zo zance ƙannena har rige-rigen shimfiɗa masa darduma suke. Umma kuwa in an ambaci sunansa sai ta gyara ɗaurin ɗankwali. To me ya hana ni amsawa? Hoto ɗaya ne da ya turo mini a Watsap. Hoton injin gudu, irin wanda mutum zai hau ya yi ta zabga gudu yana haki, ya sauko ya tarar da kansa a inda ya bar kansa. A ƙasan hoton ya rubuta:

"Ranki ya daɗe, na yi odarsa. In Allah Ya nufa, a falonki za a ajiye. Ba rana, ba idon jama'a."

Har da hoton zuciya ja. Jama'a, mutum ya kawo maka keji, ya ɗaura masa kintinkiri, yana jiran godiya.

Tun daga ranar nake ja masa rai. Ban ce eh ba, ban ce a'a ba. Har dai Abba ya gaji. Ranar Alhamis bayan la'asar ya kira ni, yana zaune a tabarmarsa ta ƙarƙashin darbejiya.

"Kausar, ni ba zan yi miki dole ba, kin sani. Amma ba a jingine ɗan mutane kamar tsani. Kin ce kuna da taron gudu a ƙauye Asabar da Lahadi?"

"Eh, Abba. A gonar wani Alhaji Mamman, can bayan Challawa. Mu mata a wurin iyalinsa za mu kwana."

"To ki je. Gwaggonki Uwani za ta raka ki. Ranar Lahadi in kin dawo ina son amsa, kowace iri ce."

Umma tana daga bakin kicin, ashe kunnenta yana tsakar gida. "Kuma Abdulwahid ne zai kai su," in ji ta, "tunda Allah Ya hore masa mota."

Kun ji yadda ake shirya wa mutum hutun ƙarshen mako.

Sauran 'yan kulob tun asubar Asabar suka tafi da ƙafa, don kayan kwanansu direban mai gonar ya riga ya kwashe tun ranar Juma'a. Ni kuwa hantsi ya same ni a soro ina jiran Gwaggo. Gwaggo Uwani ƙanwar Abba ce, kuma duk danginmu ba mai dogon gaisuwa kamarta. Ko a waya ne, sai ta gaishe ka, ta gaida iyalinka ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi ƙafarka da ta yi ciwo bara, ta tambayi akuyarka, kafin ta faɗi abin da ya sa ta kira. Da safen nan sai da ta yi wa Abba cikakkiya, kamar wadda za ta tafi Makka a ƙasa. Sannan ta fito cikin atamfa mai ruwan goro, da mayafi, da carbi, da wata uwar kula cike da dambun shinkafa.

"Gwaggo, ai za a ba mu abinci a can."

"Mutanen da ke gudu ba dalili ne za su iya dafa abinci? Ɗauki kular nan, 'yar nan."

Ni ina sanye da kayan guduna, riga mai sauka har gwiwa, da wando mai faɗi, da ƙaramin hijabin da iska ba ta ɗagawa, na ɗora baƙar abaya a sama saboda zaman lafiya. Abdulwahid kuwa, Allah Sarki, ya iso cikin farar shadda mai maiƙo, sai ɗaukar ido take, da hula zanna, da takalmi sau-ciki mai sheƙi, ƙamshinsa ya riga shi shigowa layi. An ce masa gona za a je, shi ya ji ɗaurin aure. Motar baƙa ce wuluk, gilasanta ma baƙaƙe. Ku riƙe wannan, za ku neme shi an jima.

Ya durƙusa ya gaida Gwaggo. "Ina kwananku, Gwaggo? Kun tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Audu. Ya Hajiyarka? Ya Alhaji? Ya ƙanwarka mai jego? Ya jaririn, cibiyar ta faɗi?"

Na shige mota na bar su.

Da muka kama hanya ya juyo yana murmushi. "Ranki ya daɗe, turo mini lokeshan ɗin."

Na tura masa wanda kocinmu Ɗalhatu ya sa a gurup. Ɗalhatu injin rini yake kula da shi a wata masaƙa a Challawa, dogo ne kamar falwaya, kuma tunda nake ban taɓa ganinsa a cikin abin hawa ba. Abdulwahid ya maƙala wayarsa a gaban mota, Baturiyar ciki ta fara ba da umarni, yi dama, yi hagu, yana bi yana gyaɗa kai kamar tsohuwar abokiyarsa ce. Muka wuce layin kamfanoni, muka shiga wani lungu tsakanin katanga biyu, muka ɓulla wani fili. Baturiya ta ce mun iso.

Mun iso kam. Bayan wani kamfanin jima muka iso, gaban wani kududdufi mai launin da ban san sunansa ba. Duk da gilasai a rufe suke, warin ɗanyar fata ya shigo ya gaida kowa. Gwaggo ta toshe hanci da mayafi.

"Nan ne gonar? Me ake shukawa, mushe?"

Ashe Ɗalhatu a inda sabis ɗinsa ya ƙare ya tsaya ya tura lokeshan, ya ci gaba da gudunsa. Na kira shi, ba ta shiga. Na kira kowa a kulob, ba ta shiga. Gonar ba sabis.

Abdulwahid ya sauke gilashi ya tsayar da wani mai adaidaita. "Malam, don Allah gonar Alhaji Mamman muke nema."

"Wanne Mamman ɗin? Mai shanu, ko mai tumatir, ko wanda ya rasu?"

"Mai mangwaro," na ce.

"Hajiya, ai dukkansu suna da mangwaro." Ya ja kekensa.

Sai na tuna Ɗalhatu ya turo mini saƙon murya da ya ji ba tare za mu tafi ba. Na kunna a sifika, da alfaharina, don Abdulwahid ya ji cewa kulob ɗinmu akwai tsari. Ga abin da ya fito, ban ƙara ko wasali ba:

"Salamu alaikum Kausar. Hanyar ba wuya ko kaɗan. Ki fara daga get ɗin da muke taruwa, ki miƙe. Inda zufa ta fara tsattsafo miki za ki ga hanya ta rabu, ki bar kwalta ki yi dama. Kada ki sassauta. Daidai nisan da Habibu ke fara ƙaryar ɗaure takalmi akwai burtali, ki shige shi. Daga nan sai inda numfashi ya fara yankewa, to sai ki yi hagu. In kin ji ƙishirwa ta gaske, kin iso. Ba ɓata."



"Ba ɓata," Abdulwahid ya maimaita a hankali.

"Wane ne Habibu?" in ji Gwaggo.

"Ɗan kulob ɗinmu ne. In ya gaji ba ya cewa ya gaji, sai ya tsuguna yana ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba."

"To Allah Ya shirye shi. Audu, kashe sanyin motar nan mu ga inda zufar za ta zo."

Wallahi sai da aka gwada. Muka koma get ɗin masaƙar da muke taruwa, aka kashe esi, aka rufe gilasai. Mota ba ta gama tashi ba Gwaggo ta ce, "Ni dai tawa ta tsattsafo, yi dama." Dama kuwa katangar kamfani ce mai waya a sama.

Abdulwahid ya yi dariya har da riƙe sitiyari. Da ma a nan ya tsaya, da mun rabu lafiya. Amma sai ya gyara murya, irin gyaran muryar maza in za su yi maka nasiha kyauta.

"Ranki ya daɗe, ni a ganina mu haƙura. Kin ga irin abin da nake faɗa ke nan, wahalar ta yi yawa. Mu koma gida, dama injin nan ya iso jiya, yana ofishina a kwali. Sai in sa a kawo ki gwada, ki yi gudunki a inuwa. Shi ba a ɓata a kansa."

"Gaskiya ne," na ce, "wanda ba ya zuwa ko'ina ai ba ya ɓata."

Na buɗe ƙofa na fita. Na zare abayar na ninke na miƙa wa Gwaggo ta taga.

"Ke! Me za ki yi a tsakiyar titi?"

"Kwatancen na masu ƙafa ne, Gwaggo, da ƙafa ake karanta shi. Ni zan yi gaba, ku biyo ni."

"Kausar, mutane fa suna kallo," in ji Abdulwahid.

"Su ma su biyo ni."

Ku fahimce ni, ba hauka ba ce zalla. Na daɗe ina gudu a bayan Ɗalhatu, na san zufata tana riga tasa da kaɗan, numfashina ma haka. Habibu kuwa ko a mafarki na san inda yake tsugunawa. Na yi bismilla na ɗaga ƙafa.

Wanda bai taɓa gudu a titin Challawa ba ba zai gane ba. Katanga tana bin katanga, injuna suna gurnani a ciki, nan warin fata, can ƙamshin biskit, masu abinci a bakin get suna zuba wa ma'aikata shinkafa da wake. Wani ya ɗago daga kwanonsa ya ce, "A gaishe ki Hajiya, saura ƙiris ki kamo shi!" Tireloli suna wucewa suna girgiza ƙasa. Sai dai yau na lura ba wadda ta matso ni. Na saci kallon baya, sai na ga baƙar motar tana tafe a hankali daidai bayana, ta ɗan fito tsakiyar titi, sigina biyu suna ƙyaftawa, duk mai tahowa sai ya kauce mata. Na ce a raina, to, ya iya gadi, a rubuta masa wannan. Ban ce ya burge ni ba, kada wata ta je ta ƙara gishiri.

Zufa ta tsattsafo, na ƙara 'yar tafiya saboda ta Ɗalhatu, sai ga hanya ta rabu. Na yi dama. Kwalta ta ƙare, jar ƙasa ta fara, hayaƙin kamfanoni ya koma baya. Ƙarshen damina ne, dawa ta yi tsayi ta fi mutum, ta sunkuyo da kai ta ko'ina, ana cirar gyaɗa a wasu gonakin, ƙasa tana ƙamshin ruwan shekaranjiya. Daidai inda na ji a jikina cewa da Habibu yana nan da ya tsuguna, sai ga burtali. Na yi dariya ni kaɗai na shige.

A nan na manta da kowa. Na manta da Lahadi, na manta da Umma, na manta da kwalin da ke jirana a Bompai. Ƙafa tana taɓa ƙasa tana tashi, iska tana shiga har ƙasan ƙirji. Abin nan ne fa ake so a naɗe a kai falo.

Abin da ban yi tunani ba, kuma ku ma da kuke dariya ba ku yi ba, shi ne yadda abin yake a idon wanda ke tsaye a gefen hanya. Yarinya da hijabi tana falfala gudu a burtali, tana waiwaye, baƙar mota mai baƙin gilashi tana binta a baya sannu-sannu. A wannan zamanin.

Numfashina ya fara yankewa, na ga hanya ta yi hagu, na karya. Ban yi nisa ba na ji ihun mace ya tsaga gonaki.

"Wayyo jama'a! Ku fito, za a sace 'yar mutane!"

Sai hon, sai hayaniya, sai salatin Gwaggo, wanda ko a kasuwar Kwari zan gane shi. Na juyo da gudun da ya fi na zuwa.

Kafin in iso an gama komai. An gindaya amalanken shanu a gaban motar. Maza sun fito daga cikin dawa da lauje da fartanya da sanduna, mata sun yi cirko-cirko a baya, wata mai fura, wadda ita ce ta yi ihun, tana ta nuna motar da ludayi. Abdulwahid yana durƙushe a cikin taɓo, hannuwa a ka, hular zanna a ƙasa, farar shaddar nan ta zama abin tausayi. Gwaggo ta fito tana rungume da kularta tana zazzaga masifa.

"Sirikina ne, na ce muku! Ɗan mutunci ne, ɗan gidan mutunci!"

Wani dattijo mai jar hula da gora a hannu, wanda na ji suna kira Malam Bala, shugaban 'yan sintirin garin, ya ce, "Iya, ki yi haƙuri. Yanzu har da tsofaffi suke ɗaukowa a mota don kada a zarge su."

"Ni? Ni Uwani ce 'yar rakiyar ɓarayin mutane? Da carbina? Da dambuna?"

Na kutsa tsakiya ina haki, na kasa haɗa kalma biyu. Mata suka riƙe ni. "Sannu 'yar nan, kin tsira, Allah Ya kawo ki hannu na gari."

Abdulwahid ya ɗago. Na ɗauka zai ce in yi musu bayani, ko ya ce kin ga abin da kika jawo. Da lauje a saitin wuyansa, abin da ya fito daga bakinsa shi ne:

"Don Allah ku ba ta ruwa tukuna. Tun daga Challawa ba ta sha komai ba. Akwai gorar ruwa a ƙofar gaba."

Wannan ma a rubuta masa. Na lura takardar tasa ta fara cika, abin ya fara ba ni haushi.

Na sha ruwa, na gaida Malam Bala, na ce na san mutumin nan, tare muke, hanya nake nema mana.

"Hanya? Da gudu?"

"Kwatancen ne sai da gudu, Baba."

Aka kalli juna. Wani ya ce tsoro ne ya taɓa mata kai. Sai mai furar ta tafa hannu. "Af! Ko irin mutanen nan ne da suka wuce da sassafe, garke guda, suna gudu ba mai korarsu? Waɗanda suka nufi gonar Alhaji Mamman ta ƙetaren rafi?"

"Su ne, Inna! 'Yan uwana ne!"

Na ɗauka magana ta ƙare. Ashe Malam Bala ba a nan yake sauka ba. Ya dogara gorarsa ya dube ni da kyau.

"To, mun ji ke 'yar gudu ce. Amma su waɗancan ba mota a bayansu. Shi wannan mene ne naki? Yayanki ne?"

Gwaggo tana tsaye, ba halin ƙarya. "A'a. Nemana yake."

"Nemanki yake." Ya jinjina kai. "To 'yata, mu a garin nan ba a bin yarinya da mota a kan dole, ko ɗan waye. Ki faɗa mini gaskiya, ba mai taɓa ki. In gudunsa kike, yanzu mu juya shi inda ya fito, mu raka ki da kanmu, kuma ba zai sake bin hanyar nan ba. In kuma kin yarda da shi, ki faɗa da bakinki mu ba shi hularsa."

Kun gani? Abba ya ba ni har Lahadi, ga wani bawan Allah da ban taɓa gani ba ya ba ni har ya gama gyara riƙon gora. Gwaggo ta matso tana zungurina da kula. "Yi magana mana, ƙafar yaron nan ta sage."

Na dubi Abdulwahid. Na ce a raina, Kausar, irin wannan ranar ba ta zuwa sau biyu: ga shi a durƙushe, ga shaidu, ga lauje.

"Baba, kafin in amsa ina da tambaya gare shi." Na juya. "Injin nan da ke kwali."

"Wane inji?" in ji Malam Bala.

"Na gudu ne, Baba. A ɗaki ake ajiye shi, mutum ya hau ya yi ta gudu a wuri ɗaya."

"Ya je ina?"

"Ba ya zuwa ko'ina."

"Yana niƙa?" in ji mai fura.

"Ba ya niƙa, Inna."

"To asarar ƙafa ke nan," in ji ta, jama'a suka kwashe da dariya.

Abdulwahid bai yi dariya ba. "Ban taɓa ganin kina gudu ba sai yau," ya ce. "Labari nake ji, na ɗauka wahala ce kike sha, na ce bari in rage miki. Tun daga get ɗin can nake kallonki. Abin da na gani ba zai shiga falo ba. Zan mayar da shi."

"Ko bayan aure?"

"Ko bayan aure. Titi naki ne."

"Baba, kun ji?"

"Mun ji, mu ne shaida," in ji Malam Bala. "Saura ke."

Na gyara hijabina. "Ba gudunsa nake ba."

"Kin yarda da shi ke nan?"

"Na ce ba gudunsa nake ba, Baba. Ku ba shi hularsa."

Gwaggo ta dire kula ta rangaɗa guɗar da ta tashi tsuntsaye daga cikin dawa. Nan take waɗanda suka zo da lauje suka koma masu kaɗe masa riga. Wannan ya ce a yi haƙuri Alhaji, wancan ya ce ai tun farko shi ya ga bai yi kama da su ba. Mai fura ta ce sai ango ya sha fura. Aka buɗe dambun Gwaggo, aka yi masa taron dangi, ta tsaya tana kallo tana cewa, "Ku ci, ku ci, dambun 'yar rakiyar ɓarayi ne."

Malam Bala ya ce gonar tana nan kusa, amma mota ba za ta ƙarasa ba, rafi ya kawo ruwa, sai dai a bar ta a ƙofar gidansa a taka. Ɗalhatu bai ga dalilin faɗar wannan ba, tunda shi ko teku ce tsallakewa zai yi.

Muka gangara. Abdulwahid ya cire sau-cikin ya riƙe a hannu ɗaya, jakata a ɗaya hannun, ya naɗe ƙafar wando, yana taka ƙasa kamar mai tafiya a kan garwashi. Gwaggo ta tsaya a baya, wai za ta gyara zani. Daga bakin rafin ana hango kan bishiyoyin mangwaro, har ina jin usur ɗin Ɗalhatu. Ƙishirwa ta gaske kuma ta kama ni, ga kwatance ya cika.

Sai Abdulwahid ya tsaya.

"Kausar." Yau ba ranki ya daɗe. "Alkawarin da na yi a can, da lauje a wuyana na yi shi. Ina so in sake yi a nan inda ba lauje. Zan mayar da injin, kuma ba zan hana ki titi ba, ko kin aure ni ko ba ki aure ni ba, dama ba ni da hurumin hanawa."

Ya gyara riƙon jakata ya ci gaba.

"Ke ma taki amsar, don ki cece ni kika ba da ita. Ba zan riƙe ki da ita ba. Abba ya ce Lahadi, to Lahadin ce. Abin da kika gaya masa shi ne amsa."

'Yan uwa, ku gaya mini, wannan wane irin mutum ne? Na sha wahala na faɗi magana a gaban gari guda, ya ɗauko ta ya maido mini a ninke. Ya kamata in ji sanyi. Na laluba ko'ina a ƙirjina ban sami sanyin ba, sai wani abu mai kama da haushi, mai kama da wani abin kuma da ba zan rubuta sunansa a shafin da ƙannena ke karantawa ba.

Ina neman abin da zan ce, sai muka ji murya daga sama.

"Alo? Alo, Yaya? Kana jina? Salamu alaikum!"

Muka waiwaya. Gwaggo Uwani ce a kan wani ƙaton suri, ta cire takalmi ta hau har ƙololuwa, mayafi a ɗaure a ƙugu, waya a kunne. Duk faɗin yankin nan, ita kaɗai ta gano inda sabis yake.

"Abba take kira," na ce.

"Za ta gaya masa kin amsa." Abdulwahid ya ajiye jakar. "In ya ji daga bakinta, magana ta zauna. Ni da ƙafar nan ba zan kai ba kafin ta faɗa. Ke za ki kai. Yi sauri ki karɓe wayar."

Gaskiyarsa. Surin ba nisa, kuma Gwaggo ce fa.

"Ina wuni, Yaya? Ya gida? Ya Hajiya? Ya ƙafar taka, ta saki? Ya yaran, sun tafi islamiyya?"

Na san jerin nan kamar karatun sallah. Saura maƙwabta, saura akuya, saura kaji. Ko tafiya na yi ba gudu ba, zan isa kafin ta gama da akuyar. Ni ce fa Kausar, wadda duk matan kulob ba mai shan gabanta.

"Kausar, ta kusa fa!" in ji Abdulwahid.

"Ya akuyar nan mai ciki, ta sauka? Kai, madalla, madalla. To Yaya, dama albishir na kira in yi maka..."

Na dubi surin, na dubi mutumin da ke tsaye ba takalmi cikin shaddar da ta gama yawo, idonsa a kaina, da gaske yake so in je.

Sai na tsuguna a hankali, na kama igiyar takalmina, wadda take ɗaure tamau tun daga Zawaciki, na fara ɗaure ta.